Digirin Antirofoloji: Me Ake Karantawa, Kuma Wane Reshe Zan Bi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gombe, bana na gama sakandare, ina shirin cike fom ɗin JAMB. Tun ina ƙarama nake son jin tarihi da al'adun ƙabilunmu, har malaminmu na Gwamnati ya ce in nemi antirofoloji. Babana ya ce shi bai taɓa jin wannan kwas ba, yana tsoron kada in gama in zo in zauna masa a gida. Don Allah waɗanne darussa ake yi daga aji ɗaya zuwa aji huɗu? Na kuma ji an ce yana da rassa, wanne ya fi? Ina jin Hausa da Fulatanci, ina ɗan taɓa Teranci ta wajen kakata."

Wa alaikumus salam, 'yata. Abu uku kika haɗa: darussan da ke cikin digirin, reshen da ya dace da ke, da amsar da za ki ba mahaifinki. Ni ɓangaren al'adu da zamantakewa na karanta, nan nake koyarwa, don haka nan zan fi zurfafawa. Amma tunda fom ne a gabanki, bari in fara da abin da ya fi gaggawa: a Najeriya rabin zaɓen reshe a fom ɗin JAMB ake yin sa, ba a jira sai an kai aji uku. Dalilin yana cikin tarihin fannin.

Yadda fannin ya watsu a jami'o'inmu

Antirofoloji nazarin ɗan Adam ne gaba ɗayansa: jikinsa, harshensa, aurensa da gadonsa da cinikinsa da bautarsa, har da tarkacen da ya bari a ƙarƙashin ƙasa. A Amurka, tun zamanin Franz Boas na Jami'ar Kolumbiya a farkon ƙarni na 20, an saba tara rassa huɗu a sashe guda: al'adu, halittar jiki, harshe, da akiyoloji, wato haƙo kayan mutanen da. Ɗalibi a can yakan ɗanɗani kowanne a shekarun farko, daga baya ya karkata ga ɗaya. Ingila ta bi wata hanyar. Manyan masananta, Malinowski da Radcliffe-Brown, sun tsaya ne kan zamantakewa, wato dangantaka, sarauta, addini da tattalin arziki, akiyoloji kuma aka bar shi da nasa sashen. Tsarin Ingila muka gada.

Akwai kuma tabon mulkin mallaka. Gwamnatin Turawa ta sa irin su C. K. Meek tattara bayanan ƙabilun Arewa. Aikinsa na 1925 tare da rahoton ƙidayar 1921 ya fito, manufar kuwa ba a ɓoye take ba: a san mutane don a san yadda za a mulke su. Bayan 'yancin kai a 1960, malamai 'yan ƙasa da yawa sun yi baya-baya da sunan, suka fi son a kira su masana soshiyoloji, wato nazarin zamantakewar al'umma. Shi ya sa yau rassan nan huɗu suke warwatse. Al'adu yana cikin sashen soshiyoloji, akiyoloji yana zaman kansa, harshe yana wajen masu kimiyyar harshe da harsunan Najeriya, halittar jiki kuma mafi yawansa yana hannun masu anatomi, wato ilimin sassan jiki, a kwalejin likitanci.

A aikace ga yadda abin yake. Jami'ar Maiduguri sashenta na Soshiyoloji da Antirofoloji ne a haɗe. Haka Nsukka, Ife da Benin. Jami'ar Ibadan tana da sashen Akiyoloji da Antirofoloji, ana shigarsa ta tsangayar fasaha ko ta kimiyya. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashen akiyoloji mai daɗewa. Jami'ar Jihar Gombe, ta Tarayya da ke Kashere da ta Sa'adu Zungur a Jihar Bauchi soshiyoloji suke bayarwa, antirofoloji yana shigowa ne a matsayin wasu kwasa-kwasai a ciki. To kin ga, wadda ta cike soshiyoloji a Gombe ta riga ta rufe wa kanta ƙofar haƙa, wadda ta cike akiyoloji a Zariya kuma ba za ta sami nazarin aure da dangi sosai ba. Sunayen kwas da sharuɗɗansu suna canzawa, don haka kundin JAMB na bana shi ne alƙali kafin ki danna komai.

Sharuɗɗan shiga da lissafin yunit

Kiredit biyar ake nema a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu. Turanci dole ne, kuma a tsangayar kimiyyar zamantakewa Lissafi ma dole ne. A nan na ga 'yan mata da yawa masu ƙoƙari sun makale, sun cinye Gwamnati da Tarihi da Adabi amma Lissafi ya riƙe su shekara guda a gida. A jarrabawar JAMB kuma Turanci ne da darussa uku daga ɓangaren fasaha ko kimiyyar zamantakewa, irin su Gwamnati ko Tarihi, Tattalin Arziki da Labarin Ƙasa. Wadda take son ƙofar kimiyya ta Ibadan sai ta zo da darussan kimiyya.

Tun ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin manhaja da ake kira CCMAS. Hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, kowace jami'a ta cike sauran kashi 30 da abin da ta ga ya dace da ita. Digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120, wanda ya shigo kai tsaye aji biyu kuma 90. Yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya na lacca a mako har tsawon zango, wajen makonni 15. A zango guda ɗalibi yakan yi rajistar yunit 15 zuwa 24. Maki 70 zuwa sama A ne, ƙasa da 40 faɗuwa ce, sai kariyoba. Digiri mai daraja ta ɗaya daga CGPA 4.50 yake farawa (CGPA shi ne matsakaicin makin dukkan zangunan da aka yi), daraja ta biyu ta sama, wato 2:1, kuma daga 3.50. Ki riƙe wannan 3.50 ɗin, domin yawancin tallafin karatun digiri na biyu a waje daga nan suke fara duba takarda.

Aji ɗaya zuwa aji huɗu

Aji ɗaya ba zai burge ki ba, gara ki sani tun yanzu. Kwasa-kwasan gama-gari ne suka cika shi: GST 111 na Turanci, GST 112 na al'ummu da al'adun Najeriya, sai gabatarwa ga soshiyoloji, gabatarwa ga antirofoloji, da 'yan darussan aro daga tattalin arziki, siyasa da ilimin halayyar ɗan Adam. Aji cike maƙil, wani lokaci a tsaye ake lacca. Amma makinsa yana bin ki har ranar yaye.

A aji biyu ake fara shiga cikin gida. Nan za ki haɗu da tarihin ra'ayoyin masana, ƙididdiga, al'ummun Afirka, da darasin da na fi so, wato dangantaka da aure da iyali. A wannan darasin za a koya miki zana taswirar dangi: alwatika namiji, da'ira mace, layi biyu a tsakani aure, layin da ya sauko kuma haihuwa. Nakan sa ɗalibai su zana ta gidansu har kakanni, kuma kusan kullum sai takarda ta ƙare kafin dangi su ƙare, saboda matan kaka da auren zumunci da 'ya'yan riƙo. Daga nan ake tambayar da ke da nauyi: me ya sa ake wasa da ɗan kawu da 'yar goggo amma ba a yi da ɗan baffa? Me ya haɗa wannan da wasan Fulani da Barebari? Radcliffe-Brown ya yi rubutu kan irin wannan wasan a 1940, ke kuwa kin tashi a cikinsa, abin da ya rage shi ne ki koyi kallonsa da idon mai bincike. A wannan ajin ne kuma ake yin GST 212 na falsafa da mandiƙi, da ENT 211 na koyon sana'a.

Aji uku shi ne ƙashin bayan digirin: dabarun bincike, ra'ayoyin zamani, da kwasa-kwasan zaɓi irin su nazarin addini, lafiya da magani, karkara da birni, siyasa da shari'ar gargajiya, ci gaban al'umma. GST 312 na zaman lafiya da sasanta rikici ma nan yake. Aji huɗu kuma darussan sun ragu, sai furojet, kundin binciken da za ki rubuta da hannunki ki kare a gaban malamai. Sunayen kwasa-kwasan da ajin da aka ajiye su sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ginin kusan ɗaya ne.

Darasin da ya raba mai digiri da mai takarda

In za ki saki komai, kada ki saki dabarun bincike. Mai soshiyoloji yakan raba takardun tambayoyi ya ƙirga amsoshi. Mai antirofoloji yana zama ne cikin mutane, ya ci abin da suke ci, ya je suna da zaman makoki, ya saurara, ya rubuta a daren ranar kafin ya manta. Duka biyun suna da amfani, amma a ƙasarmu takardar tambaya ita kaɗai tana yawan yin ƙarya. Ki tambayi wata dattijuwa 'ya'yanta nawa, sai ta lissafa ta tsallake ɗan fari saboda kunya, ko ta haɗa da 'yar kishiyarta da ta raina. Ki tambayi Bafulatani shanunsa nawa, shi da kakansa ya sha jangali, zai ba ki adadin da ya ga dama cikin ladabi. Mai ƙirga zai shigar da lambobin a kwamfuta ya fitar da jadawali mai kyan gani. Wadda ta yi wata guda a gidan ita ce za ta san ɗan fari yana nan, ga shi can ma shi ke kawo cefane.

Aikin farko da nakan ba ɗalibai a wannan kwas shi ne su je kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Su sami gefen rumfa su zauna, bayan sun gaisa da mai rumfar sun faɗi abin da ya kawo su. Su zana inda masu masara suke da inda masu wake suke, su lura wa ke sauke buhu, wa ke soka shi ya duba ƙwaya, wa ke karɓar la'ada, wa ake ba kaya ba a rubuta ba. A rana ta farko yawancinsu kan dawo su ce ba abin da ya faru. Zuwa mako na biyu sai ka ji ɗaya yana bayanin yadda dillali ke tsaya wa baƙon da ya zo daga Kudu, ya ba shi masauki, ya lamunce masa bashi. Wannan tsarin na maigida da dillali shi Abner Cohen ya bibiya a unguwar Sabo ta Ibadan tsakanin Hausawa masu fataucin shanu da goro, aikinsa ya fito a 1969.

Tare da wannan ake koyar da amana. Ba a shiga gari sai an gai da hakimi ko dagaci da mai unguwa. Ba a naɗar muryar mutum ko ɗaukar hotonsa sai da yardarsa. Matar da ta gaya miki sirrin aurenta, sunanta ba ya shiga kundi.

Rassan, ɗaya bayan ɗaya

Reshen al'adu da zamantakewa shi ne mafi faɗi, kuma shi ya fi samuwa a kusa da ke. Kasancewarki mace riba ce a nan. Lokacin da M. G. Smith yake nazarin sarautar Zazzau, matarsa Mary ce ta shiga cikin gida ta zauna da Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta da aka buga a 1954, kuma har yau ana karanta shi don sanin rayuwar matan Hausa a wancan zamani. Namiji komai iliminsa a zaure yake tsayawa. A cikin wannan reshe akwai ƙananan hanyoyi, wadda ta fi kasuwa yanzu ita ce ta lafiya. Ki tuna yadda aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003. Maganin yana nan, ma'aikata suna nan, abin da ya ɓace shi ne yarda, kuma sai da aka koma ga sarakuna da malamai kafin abin ya daidaita. Irin wannan tambayar, me ya sa mutane ke karɓa ko ƙi, aikin wannan reshe ne.

Akiyoloji aikin rana da ƙura ne. Ana shata murabba'i da igiya, a riƙa kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da ɗan cokalin magina, a tace ta da rariya, kowane tsingaro da kashin maƙera da gawayi a sa shi a leda a rubuta zurfin da aka same shi. Gawayin nan shi ake aikawa ɗakin gwaji a gano shekarunsa. Yankinmu ba matalauci ba ne a wannan fanni. A Dufuna ta Jihar Yobe wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen da aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. A Bauchi akwai zanen duwatsu na Geji da Shira, da kogunan dutse na Marshall da tsofaffin matoyan tama a Yankari. Ga kufan Gombe Abba, hedikwatar farko ta masarautar Buba Yero. Sai dai doka ba ta yarda kowa ya haƙa ba sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta ƙasa, kuma wannan reshe yana son kuɗin fita daji, yana son iyayen da za su yarda 'yarsu ta yi makonni a sansani. Ki yi wannan maganar da mahaifinki tun kafin fom.

Reshen halittar jiki yana son Bayoloji sosai. Yana nazarin ƙashi, ƙwayoyin gado da bambancin jikin al'ummu: me ya sa sikila ta yi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, me ya sa Fulani da yawa ke iya shan ɗanyen nono har girma ba ya damun cikinsu. A nan za a koya miki ra'ayin Darwin da ƙasusuwan da aka tono, irin ƙoƙon kan Iwo Eleru da aka samu kusa da Akure a 1965 da na Tumai da aka samu a Chadi a 2001. Ɗalibai Musulmi da Kirista sukan zo mini da damuwa kan wannan. Abin da nake ce musu shi ne jarrabawa tana tambayar ko ka fahimci abin da masana suka ce da hujjar da suka kafa, ba wanda zai ce ka bar aƙidarka. Haka ma ranar da za a karanta bori ko addinin Maguzawa, bayyanawa ake koya miki, ba a sa ki yin hukunci ba.

Na ajiye harshe a ƙarshe da gangan, domin jimlar ƙarshe ta wasiƙarki ita ta fi jan hankalina. Bauchi da Gombe suna cikin wuraren da harsuna suka fi cunkushewa a Najeriya: Tangale, Waja, Tula, Cham, Dadiya, Bolanci, Teranci a wannan gefe, Zaar, Geranci, Jaranci, Warji, Miya, Pa'a a wancan. Da yawa Hausa tana haɗiye su a hankali, harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ma ya riga ya tafi tun rabin farko na ƙarnin da ya wuce. Paul Newman, wanda daga baya ya rubuta babban nahawun Hausa, a kan Teranci ya yi digirinsa na uku. Russell Schuh ya yi wa Miya nahawu, Herrmann Jungraithmayr ya daɗe a kan Tangale. Duk baƙi ne da suka sha wahalar koyon abin da ke kike ji a ɗakin kakarki. Mai antirofolojin harshe ba nahawu kaɗai yake bi ba. Yana son sanin da wa kakarki take Teranci, da wa take Hausa, a wane wuri cikin hira take sauyawa, da wane harshe take faɗa, da wanne take addu'a, kuma me ya sa jikokinta suke ji amma ba sa mayarwa. Wannan furojet ne cikakke, ba ya buƙatar kuɗin mota mai yawa, kuma ba wanda ya fi ki damar yin sa.

To wanne ya fi? Da abin da kika rubuto, ni zan ce ki cike soshiyoloji da antirofoloji, ki karkata ga al'adu, ki riƙa ɗauko kwasa-kwasan zaɓi daga sashen harsuna duk inda aka ba da dama. Takardar digirinki ba za ta rubuta reshe ba. Kwasa-kwasan zaɓinki, furojet ɗinki da malamin da ya duba shi su ne shaidar ƙwarewarki idan kin je neman digiri na biyu. Na yi wannan hukunci ne daga wasiƙa ɗaya, ke kika san zuciyarki da aljihun gidanku. Idan labarin Dufuna ne ya hana ki barci, Zariya ko Ibadan za ki nufa.

Maganar Baba

Tsoronsa yana kan hanya, kada ki raina shi. Da wuya ki ga tallar aiki da aka ce ana neman mai antirofoloji ƙarara. Masu wannan digiri suna shiga gidajen tarihi da hukumomin al'adu, Hukumar Ƙidaya, ma'aikatun mata da jin daɗin jama'a, aikin jarida, koyarwa bayan sun ƙara difilomar ilimi, da ƙungiyoyin agaji da na lafiya da ke aiki a Arewa maso Gabas. Waɗannan na ƙarshe suna yawan neman wanda zai shiga ƙauye ya yi hira da mata da harshensu, ya fassara, ya rubuta rahoto mai tsabta da Turanci. Abin da ake saya ke nan: harshe, iya hira, iya rubutu, da ɗan sanin ƙididdiga da kwamfuta. Don haka kada ki guje wa kwas ɗin ƙididdiga kamar yadda 'yan ajinku za su yi, ki koyi Excel da ɗaya daga manhajojin nazarin bayanai irin SPSS tun kina aji biyu, kuma lokacin hutu ki nemi aikin tattara bayanai ko da na mako biyu ne. Wanda ya tsaya a haddar ra'ayoyin masana kawai, shi ne yake gamawa ya zauna.

Kafin ki cike fom, ki nemi ɗan littafin jagora na sashen da kike so, yawanci akwai shi a wajen ɗalibai ko a shafin jami'ar. Ki ƙirga kwasa-kwasan antirofoloji nawa ne na dole, nawa ne na zaɓi, domin wani sashen sunan ne kawai a allo, a ciki kwas biyu ko uku ne. Sannan ki sami ɗan aji huɗu ki tambaye shi abu biyu: an taɓa fita da su aikin fili, kuma kwasa-kwasan zaɓin da aka jera ana koyar da su kuwa, ko babu malamin? Ki kai wa mahaifinki littafin ku duba tare, ki gaishe shi.